Ciyar da kare da kyanwa da kula da lafiyarsu a Damagaram, mataki-mataki

Tambayoyin da masu kare da masu kyanwa suke yawan kawowa ba su cika bambanta ba, ko daga Birni mutum ya fito, ko Zango, ko Garin Malam. Me zan ba shi ya ci? Nawa zai ishe shi? Me ya sa yake ramewa alhali kullum ana zuba masa ragowar tuwo? Me ya kashe ɗan kwikwiyon da aka yi wa allura satin da ya wuce? Sau da yawa abin da ya jawo asarar shi ne an sa na baya a gaba: an yi rigakafi kafin a kashe tsutsar ciki, ko an sayi magani ba a san nauyin dabbar ba. Ga matakan a jere, yadda ya kamata a bi su tun ranar da dabbar ta shigo gida.

Ka tanadi kwano biyu na ƙarfe, ɗaya na ruwa ɗaya na abinci, waɗanda ba za su ƙara komawa cikin kwanukan gida ba. Sai ƴar tukunya, da sirinji na mililita 10 da aka cire wa allura, da tarmomita, wato ma'aunin zafin jiki, da ƙaramin littafi na rubuta kwanan wata.

1. Fara da auna nauyi

Abinci da magani duk a kan kilo ake lissafa su. Ka hau sikeli kai kaɗai ka rubuta, ka sake hawa riƙe da dabbar, ka cire na farko daga na biyu. Kyanwa da ɗan kwikwiyo kuwa a saka su cikin jaka a rataya a sikelin ƴan kasuwa. Karen gida da ya gama girma yakan kai kilo 15 zuwa 25, kyanwa kilo 3 zuwa 4.

Bayan sikeli sai hannu. Ka shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba. Idan ƙashin baya da na ƙugu sun fito fili, cinya ta shanye, gashi ya dusashe, yunwa ce ko tsutsa. Idan sai ka danna kafin ka ji ƙashi, abinci ya yi yawa.

Gargaɗi: dogayen karnukan farauta irin na Azawak siraran halitta ne, ganin haƙarƙari biyu ko uku a jikinsu ba rama ba ce. Cinya da gashi ne za su gaya maka gaskiya.

2. Ruwa da inuwa kafin abinci

Kare na buƙatar kamar mililita 50 zuwa 60 na ruwa ga kowane kilo a rana, wato kusan lita ɗaya ga kare mai kilo 15 zuwa 20. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka ninka. Kowa ya san yadda ruwa yake da wuya a garin nan, amma lita biyu daga jarkar da aka saya wurin ga-ruwa ba za ta rage wa gida komai ba, kuma dabbar da ka ɗaure ba ta da inda za ta nema sai wurinka. Ruwan wanke-wanke mai sabulu da ruwan kwata ba ruwan sha ba ne. Ƙaramar randa ko kaskon ƙasa a inuwa ya fi roba riƙe sanyi, kuma a riƙa wanke shi kullum.

Ka duba inda aka ɗaure kare sau biyu, da hantsi da kuma bayan azahar, domin inuwa tana tafiya ta bar shi a rana. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Idan hakin ya tsananta, yawu na dalala, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, zafi ya buge shi. Ka kai shi inuwa, ka riƙa kwara masa ruwan randa a wuya da ciki da tsakanin cinyoyi, kana yi masa fifita, sannan ku nufi likitan dabbobi.

Gargaɗi: kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a bar shi, buhun yana tare zafi. Kada kuma a ɗura masa ruwa a baki yana sume, zai shiga huhu.

3. Haɗa abincin kare

Nan ne aka fi kuskure. Tuwo da fura da dusa suna cika ciki, amma ba sa gina tsoka da jini da ƙashi. Karen da yake rayuwa a kansu kaɗai shi ne yake fita bola neman ƙari, daga can ya kwaso tsutsa da guba. Ƙa'idar ita ce a raba kwano uku: aƙalla kashi ɗaya ya zama abin da ya fito daga dabba, sauran hatsi da wake da kayan lambu.

Ga abincin yini ɗaya na kare mai kilo 15, wanda aikinsa gadin gida ne:

Gero ko shinkafa ko masara, giram 100 kafin a dafa. Nama ko kayan ciki ko kifi, giram 150 zuwa 200. Dafaffen wake, kamar giram 80. Kabewa ko karas ko dankalin Hausa ko ganyen zogale dafaffe, cikin tafin hannu ɗaya. Man gyaɗa, ƙaramin cokali biyu. Garin ɓawon ƙwai, rabin ƙaramin cokali.

Kare mai kilo 20 a ƙara masa kwata, mai kilo 25 a ƙara rabi. Karen farauta ko mai bin garke yana iya cin ninki ɗaya da rabi a ranar aiki.

Yadda za a dafa: a fara da wake, a jiƙa shi tun dare, a dafa har ya farfashe, domin waken da bai nuna ba yana kumbura ciki. A dafa nama cikin ruwa zalla, babu gishiri, babu magi, babu albasa. A cikin romon nan za a dafa hatsin har ya yi laushi sosai. A zuba kayan lambu a ƙarshe, a sauke, a bari ya huce, sannan a zuba mai da garin ɓawon ƙwai.

Ba sai tsoka mai tsada ba. Tumbi, huhu, zuciya, ƙoda, naman kai da guntayen da mahauta ke warewa duk sun wadatar. Dafaffen ƙwai biyu suna maye gurbin kusan rabin naman yini. Busasshen kifi na Kasuwar Dole ma yana yi, idan an jiƙa shi an zubar da ruwan farko an cire manyan ƙayoyi. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma yanki kaɗan sau biyu a sati ya isa, yawanta yana cutarwa.

Ɓawon ƙwai shi ne abin da kusan kowa ke tsallakewa. Nama da hatsi ba su da isasshen sinadarin kalsiyam, shi ya sa ake ganin kwikwiyo mai karkatattun ƙafafu ko da ana ba shi nama. A tafasa ɓawon minti 10, a shanya, a daka ya zama gari, a adana a kwalba mai murfi.

A raba abincin biyu, safe da bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Abin da bai cinye ba cikin minti 20 a ɗauke. In babu firiji, a dafa na yini ɗaya kawai.

Lissafin wata ga wannan karen: hatsi kilo 3, wato tiya ɗaya da ɗoriya, wake kamar kilo ɗaya, nama ko kayan ciki kilo 4 da rabi zuwa 6, man gyaɗa kusan sulusin lita. Ka buga da farashin kasuwar yau. Za ka ga naman ne ya ɗauke mafi yawan kuɗin, don haka ka yi magana da mahauci ɗaya ya riƙa ware maka kullum, ya fi saye kwatsam sauƙi.

Gargaɗi: wanda ya samu busasshen abincin kanti na buhu ya duba ranar lalacewarsa, ya sansana. In yana warin tsohon mai, zafi ya ɓata shi. Kowane sauyin abinci kuma a yi shi cikin kwana 7, ana ƙara sabon kaɗan-kaɗan, in ba haka ba zawo zai biyo.

4. Kyanwa da nata tsarin

Kare zai iya rayuwa da rabin kwano na hatsi, kyanwa ba za ta iya ba. Jikinta ba ya haɗa wani sinadari da ake kira taurin yadda zai ishe ta, dole sai ta same shi daga nama. Rashinsa na tsawon watanni yana kawo makanta da ciwon zuciya. Kyanwar da ake ba tuwo da miya kuma take nan lafiya, ɓeraye da ƙadangaru ne suke riƙe da ita. Ranar da aka kulle ta a ɗaki, ko ta kawar da ɓerayen gidan, ramar za ta fara.

Kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana buƙatar giram 120 zuwa 150 na nama ko kifi a rana, a raba sau biyu ko uku. Zuciya ita ce kan gaba wajen taurin, sai naman cinyar kaza ko zabo. A dafa sama-sama cikin ruwa kaɗan, a ba ta har da romon, domin sinadarin yana narkewa ya koma cikin ruwa. A barbaɗa garin ɓawon ƙwai ɗan tsunkule, kamar kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali. In ana so a ƙara shinkafa, kada ta wuce babban cokali ɗaya.

Kifi a dafa shi. Wasu irin ɗanyen kifi suna lalata bitamin B1 a jikin kyanwa, har ta fara karkata wuya tana faɗuwa. Kifin gwangwani yana da gishiri da mai, sau ɗaya a sati ya isa, a tsiyaye man.

Batun madara: yawancin kyanwoyi da suka girma ba sa narkar da ɗanyar madara, zawo take sa su. Cokali ɗaya ko biyu na kindirmo marar sukari ya fi sauƙi a cikinsu, amma marmari ne kawai, ba ya zama abinci.

Kyanwa ba ta cika shan ruwa ba, don haka a ajiye mata a wuri biyu, nesa da inda take bayan gida. A tanadar mata faffaɗan kwano da yashi mai tsabta, a kwashe kashin kullum.

Gargaɗi: kyanwar da ta yi kwana 2 ba ta ci komai ba tana cikin haɗari, musamman mai ƙiba, domin hantarta na iya lalacewa. Kada a ce yunwa za ta sa ta ci. Mace mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, saboda wata cuta da ke iya taɓa ɗan da ke ciki.

5. Ƙanana, masu ciki da masu shayarwa

Kada a raba kwikwiyo ko ɗan kyanwa da uwarsa kafin sati 8. Daga sati 3 zuwa 4 a fara ba su kunu mai kauri da aka dama da dafaffen ƙwai ko niƙaƙƙen nama. Daga yaye zuwa wata 3 su ci sau huɗu a rana, zuwa wata 6 sau uku, daga nan sau biyu. Kwikwiyo yana cin kusan ninki biyu na abin da babban kare mai nauyinsa zai ci.

Ciki yana ɗaukar kamar kwana 63 a karya da kyanwa. A sati ukun ƙarshe a riƙa ƙara abinci, lokacin shayarwa kuma ya kai ninki biyu zuwa uku.

Idan uwa ta mutu, madarar akuya da aka tafasa ta huce, kofi ɗaya da kwaiduwar ƙwai ɗaya, tana ceto kafin a samu madarar da aka yi domin su. A ba su da sirinji kowane awa 2 zuwa 3, suna kwance a kan ciki. Bayan kowane ci a shafa musu ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi, domin da kansu ba sa iya fitsari da kashi.

Gargaɗi: allurar tsarin iyali ta mata ba ta dabba ba ce. Tana jawo mahaifa ta cika da mugunya, abin da ke kashewa in ba a yi tiyata ba. Wanda ba ya son haihuwa ya nemi likita ya yi wa dabbar aiki.

6. Abin da ba ya shiga kwano

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma kyanwa ta fi saurin kamuwa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ragowar miya ba ta dace ba. Haka guntun tsire da kilishi da balangu masu yaji. Goro, kofi, ganyen shayi da cakulan suna hargitsa bugun zuciya. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe ƙodar kare.

Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa yana tsagewa ya huda hanji. Ƙwallon mangwaro da totuwar masara suna toshe shi.

Hatsin da ya yi fumfuna, masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da damina ta taɓa, shi ne mutane ke cewa a zuba wa kare kada a yi asara. Gubar da ke cikinsa tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A binne shi.

Magungunan mutane su ma suna nan. Ƙwayar parasitamol ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe kyanwa. Ibuprofen da diclofenac suna gyambace cikin kare su taɓa ƙoda.

Idan dabba ta ci guba: piya-piya da magungunan feshin gona suna sa yawu da karkarwa da zawo cikin ɗan lokaci. Irin maganin ɓeran da ke hana jini daskarewa kuwa ba ya nuna alama sai bayan kwana 3 zuwa 5, sai a ga kasala da farin dasashi da jini a hanci ko kashi. Dukansu suna da makari wurin likita. Ka tafi da kwalbar ko ledar gubar. Ɗura man gyaɗa ko nono ɓata lokaci ne, kuma mai na iya shiga huhu.

7. Kashe tsutsar ciki

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsa ake haihuwarsa, daga uwa yake samu. Alamarta ƙaton ciki a kan siraran ƙafafu, gashi a tsaye, zawo, wani lokaci tsutsar ta fito a amai.

Jadawalin shi ne: kwikwiyo a sati 2, 4, 6 da 8, ɗan kyanwa daga sati 3, sannan sau ɗaya a wata har wata 6, daga nan kowane wata 3 har ƙarshen rayuwa. Uwa mai shayarwa a ba ta tare da ƴaƴanta. Ga ƙanana ana amfani da pyrantel. Ga manya a nemi haɗin da ke da praziquantel, domin shi ne ke kashe tsila, a kan miligiram 5 ga kowane kilo. Yawancin ƙwayoyin haɗi na karnuka ɗaya ce ga kilo 10, amma takardar da ke cikin kwali ita ce hukunci. Fenbendazole kuwa miligiram 50 ne ga kilo, kwana 3 a jere.

A kwashe kashin kare kullum a binne, musamman a gidan da yara ke wasa a ƙasa, domin ƙwan tsutsar yana kama mutum.

Gargaɗi na farko: manyan ƙwayoyin albendazole na tumaki da shanu da ake sayarwa a kasuwa ba na kare da kyanwa ba ne. Suna iya taɓa ɓargo, jini ya ragu.

Gargaɗi na biyu ya shafi Sallar layya da duk ranar yanka. Huhu ko hantar da aka gani da ƙululu mai ruwa, wadda aka ƙi ci, ita ake jefa wa kare. Cikin ƙululun akwai ƴaƴan tsila. Kare ya ci, tsilar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita da kashi, ya koma ga tumaki da mutane, ya yi musu irin wannan ƙululun a hanta da huhu. Ɗanyen kan rago ma haka, ta nan ake yaɗa cutar da ke sa tunkiya juyawa wuri ɗaya. Abin da ke da ƙululu a ƙone ko a binne da zurfi, sauran kuma a dafa kafin a bayar.

8. Rigakafi

Sai dabba tana da lafiya, tana cin abinci, kuma an ba ta maganin tsutsa kamar kwana 7 zuwa 10 da suka wuce, sannan a yi mata allura.

Kwikwiyo yana karɓar allurar haɗi, wadda ta ƙunshi rigakafin parvo (cutar amai da zawon jini) da distemper (cutar majina da tari mai taɓa jijiyoyi), a sati 6 zuwa 8, a maimaita kowane sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16, a sake bayan shekara. Ɗan kyanwa yana fara tasa allurar haɗin a sati 8 zuwa 9, da irin wannan maimaici. Allurar ciwon hauka ana yi wa dukansu a wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara ko yadda likita ya rubuta. Ka tambaya a ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi mai lasisi, kuma ka karɓi kati mai kwanan wata da lambar kwalba. Idan kuɗinka na allura ɗaya ne kacal, ta hauka za ka yi, domin ita ce ke kare iyalinka.

Allura ɗaya ba ta gama kare kwikwiyo. Har sai ya kammala jerin, kada ya fita titi, kada baƙon kare ya shigo masa. Mafi yawan waɗanda ake cewa allura ta kashe su, tsakanin ta farko da ta biyu suka kwashi parvo, ko kuma da cutar a jiki aka yi musu.

Gargaɗi: ruwan rigakafi yana zama ne a sanyin digiri 2 zuwa 8. Ka ga an ciro shi daga firiji ko akwatin ƙanƙara da idonka. Wanda ya yini a aljihu ko a kan tebur cikin zafin Damagaram ya riga ya mutu, ko da kwalbar ta gaskiya ce.

9. Kaska, ƙuma da ƙazuwa

Kaska tana ƙaruwa da damina, amma irin wadda ke bin kare tana zaune cikin tsagar bango da ƙarƙashin tarkace duk shekara. Shi ya sa ake wanke kare yau, bayan sati ta dawo. Sai an haɗa da wurin kwanansa: a share, a ƙone tsummokaran, a liƙe tsagogin bango da laka ko siminti.

A duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu. A kama kaskar dab da fata da hantsaki, a ja a miƙe a hankali, a jefa cikin kwalba mai kananzir. Kada a murje ta da yatsa. Tun da ana duba yatsu, a cire ƙarangiyar da ta maƙale, domin tana ruruwa ta zama gyambo.

Fipronil, na fesawa ko na ɗigawa a ƙeya, yana yi wa kare da kyanwa, sau ɗaya a wata. Amitraz na kare ne da ya wuce wata 4, a sirka daidai yadda aka rubuta, a sa safar hannu. Kyanwa ba ta ɗaukarsa, yana cutar da doki ma, don haka a kula a gidan da ake turke doki.

Kaska tana sa cutar jini. Karen da ya yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari ko rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, likita yake buƙata a ranar.

Ƙazuwa tana farawa da susa da zubar gashi a gefen kunne da gwiwa. Ana warkar da ita, amma baƙin mai na mota da ake shafawa yana ƙona fata ya sa guba. Zubar gashi mai zagaye kamar kwabo, musamman a kyanwa, yawanci makero ne, kuma yana kama yara. Bakin kunnen da ƙudaje suka cinye a wanke da ruwan gishiri kaɗan, a shafa man da likita ya bayar, a matsar da kare daga kusa da turken dabbobi.

Gargaɗi: duk maganin da ke da permethrin yana kashe kyanwa, ko da a jikin karen da take kwana kusa da shi aka ɗiga. Ivermectin na shanu kuma yana da ƙarfi: abin da kare mai kilo 15 yake buƙata bai kai mililita ɗaya ba, kuskuren awo yana makantar da shi ko ya sumar da shi. A bar wa likita.

10. Duba na sati, da alamun da ba a kwana da su

Sau ɗaya a sati ka ɗaga leɓe ka ga dasashi, ya zama ruwan hoda mai danshi. Ka tsunkule fatar ƙeya ka saki, ta koma nan take. In ta tsaya, ruwan jiki ya ragu. Zafin jikin kare da kyanwa, idan an auna ta dubura, digiri 38 ne zuwa 39.2.

Babban kare mai zawo marar jini, wanda yake da kuzari, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a dama cikin lita ɗaya, yana sha kaɗan-kaɗan, da shinkafa mai laushi da dafaffen nama marar kitse na kwana 2. In bai tsaya ba, a kai shi.

Waɗannan kuwa ba sa jira. Kwikwiyo mai amai da zawon jini mai ƙarni: parvo ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma ƙarin ruwa ta jijiya ne ke ceton sa. A ware shi, a wanke wurin da ruwan Javel, wato bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, domin ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa. Kada a kawo sabon kwikwiyo wurin sai wanda ya gama rigakafi. Kwantsa da majina masu kauri tare da tari, daga baya tsoka ta riƙa motsi da kanta: distemper. Muzurun da ke tsugunawa yana yunƙuri fitsari bai fita: mafitsara ta toshe, yini ɗaya zuwa biyu ya isa ya kashe shi. Karyar da ta yi neman barbara makonni kaɗan da suka wuce, yanzu tana yawan shan ruwa, mugunya na fita ta baya: ciwon mahaifa. Naƙudar da ta wuce rabin awa ana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito ita ma haka.

11. Idan an yi cizo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, babu magani. Kafin su bayyana, allura tana hanawa.

Wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ana kwarawa da buta in babu famfo. A shafa aidin ko barasar asibiti. Kada a sa barkono, toka ko ganye, kada a ɗaure da ƙarfi. A je asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, a gaya musu dabbar da ta yi cizon da ko tana da katin rigakafi. Cizo a fuska, wuya ko yatsu ya fi gaggawa. A riƙa tambayar yara, domin sukan ɓoye don tsoron faɗa.

Alamun ciwon a dabba su ne sauyin hali kwatsam, cizon duk abin da ta samu, sauyin murya, dalalar yawu, muƙamuƙi a sake, ko shanyewar ƙafafun baya. Wani karen ba ya faɗa ko kaɗan, sai dai ya kasa haɗiya. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi.

Idan dabbar ta gida ce kuma ana iya tsare ta ba tare da haɗari ba, kada a kashe ta. A kulle ta inda ba mai taɓa ta, ana tura mata ruwa da abinci daga nesa, a sanar da ma'aikatar kiwo, a sa mata ido aƙalla kwana 10, ko 15 in likitan dabbobi ya ce haka. Wanda aka ciza ba zai jira kwanakin nan ba, zai fara allurarsa tun ranar farko. Idan dabbar ta mutu, ta ɓace, ko ta nuna alama cikin kwanakin, a koma asibiti a faɗa nan take, a kuma cika sauran alluran a ranakun da aka rubuta. Gawarta kada a taɓa da hannu tsirara, kada a jefar a bola, a kira ma'aikatan kiwo su zo su ɗauka.